Wuƙar girki da tsininta

Jiya muna kashe wutar maƙera ka ce min ka ji a Ingila ana so a daina sayar da wuƙar girki mai tsini don a rage kashe-kashe, har kana cewa wuƙar da ba tsini ai ta zama ludayi. Na yi dariya, amma ɗana, tambayar ta cancanci amsa.

Maganar ta daɗe a can. Tun 2005 wasu likitoci uku na asibitin West Middlesex da ke Landan suka rubuta a mujallar likitoci ta BMJ cewa a hana doguwar wuƙa mai tsini. Sun tuntuɓi manyan masu dafa abinci goma, aka ce musu ɗan aikin da tsini ke yi a girki, ƙaramar wuƙa ma ta wadatar. A 2018 alƙali Nic Madge na kotun Luton ya sake tayar da zancen lokacin da zai ajiye aiki. Bayan kisan yara mata uku da wuƙa a garin Southport na Ingila a 2024, malamar da ta tsira da raunuka, Leanne Lucas, ta ɗauki kiran a kanta.

Hujjarsu kai ma ka san ta a hannunka. Yanka yakan tsaya a fata da tsoka. Suka kuwa zarcewa take yi har huhu ko zuciya, kuma ba ta bukatar wani ƙarfi.

In ka koma gida, tsaya ka kalli innarka tana yanka albasa ko kuɓewa. Cikin wuƙar ne ke aiki, tsinin yana sama a banza. Shi ya sa a wuƙar girki ina bayansu. Mahauci daban ne: tsinin ne ke bin gaɓa yana raba nama da ƙashi, in ka daƙushe masa shi ka kashe masa sana'a.

Masu adawa suna cewa mai mugun nufi zai sake fitar da tsinin. Gaskiya ne, da magagari ni da kai za mu yi shi kafin shayi ya huce. Wanda ya fito da shiri, wannan dabara ba ta tare shi. Sai dai akwai faɗan cikin gida, inda zuciya ke ɗibar mutum ya rarumi abin da ke kusa. Wannan ba ya zama neman magagari.

To in wata ta kawo maka wuƙa ta ce a kashe mata tsini, kada ka taɓa bakin kaifin. Ka ci ta daga baya, kana sauko da gadon a hankali har ya haɗu da baki a zagaye. Ajiye ruwa kusa, kana gogawa kana tsomawa. Da ka ga ƙarfen ya soma yin shuɗi, ka ƙona shi ke nan, wurin ba zai ƙara riƙe kaifi ba, kuma kai za ka biya matar, ba ni ba.