Tambaya da Amsa: Ƙwayoyin nano da ciwon farfaɗiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 12 yana da farfaɗiya, yana shan Tegretol. An turo mana saƙo a WhatsApp wai an gano wasu ƙwayoyi da ake kira nano masu kare ƙwaƙwalwa, har wani yana sayar da su a kwalba. Mu saya mu bar na asibiti? Daga wata uwa a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya. Kada ki saya, kada kuma ki tsayar masa da magani ko na yini ɗaya. Binciken gaskiya ne, amma bai kai ga zama maganin mutane ba tukuna.

Ga matsalar da masana ke son magancewa. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na oksijin da jiki ke amfani da shi. Idan ciwon ya tashi, jijiyoyi suna sakin sinadarin gulutamet fiye da kima, kalsiyam ya kwarara cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sai mitokondiriya, wato sassan da ke samar musu da ƙarfi, su shiga zubar da burbushin oksijin mai guba. Burbushin nan yana cin kitsen da ya lulluɓe ƙwayar kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Jiki yana da nasa kariya, irin su sinadaran gulutatayon da katalas masu lalata burbushin, amma idan faɗuwa ta yawaita ko ta daɗe sukan gaza. Sashen ƙwaƙwalwar da ya fi jin jiki shi ne hipokampus, mai riƙe karatu, shi ya sa wasu yaran ke fama da mantuwa.

Ƙwayar nano girmanta nanomita (wani ma'auni mai matuƙar ƙanƙanta) 1 zuwa 100 ne, alhali kaurin silin gashi ya kai kusan nanomita 80,000. Ana son ƙanƙantar ne saboda akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ke tare yawancin magunguna. An gwada ƙwayoyin nano na sinadarin siriyam oksaid, masu kama burbushin su lalata shi su kuma sake kama wani, da na sinadarin seleniyam, da waɗanda aka cusa wa sinadarin kurkum, tunda kurkum ɗin miya hanji ba ya tsotse shi sosai.

To, a kan ɓeraye aka yi yawancin gwajin, bayan an tayar musu da farfaɗiya da sinadarai irin su pilokapin. Kaɗan ne daga ƙwayoyin ke isa ƙwaƙwalwa, da yawa suna taruwa a hanta da saifa su daɗe a can. Idan girmansu ko abin da aka lulluɓe su da shi ya canza, mai kariya kan koma mai cutarwa. Babu hukumar magunguna da ta amince da su don farfaɗiya, saboda haka mai kwalbar nan cin amanar marasa lafiya yake yi.

Abin da ke kare ƙwaƙwalwar ɗanki yanzu shi ne hana ciwon tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa da maganin da ya dace. A ba shi a kan lokaci kullum, a sayo wani tun saura mako guda, domin yankewa farat ɗaya na jawo faɗuwar da ba ta tsayawa. A auna nauyinsa duk zuwa asibiti, don yaro na girma, adadin maganin bara yana iya yi masa kaɗan. Idan ƙuraje suka feso masa, a kai shi asibiti a ranar. A magance zazzaɓin cizon sauro da wuri, ya sami isasshen barci, kada ya je kogin Binuwai wanka ko bakin rijiya da murhu shi kaɗai.

Idan ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa. Ban da cokali a baki, ban da ɗura ruwa, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. In ya wuce minti 5 yana jijjiga, a garzaya asibiti.