Ƙanina Ya Bar Salla, Ya Ce Imaninsa Na Dā Ruɗi Ne

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Ƙanina ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro, har shi ke jan mu tarawihi. Da ya dawo daga karatu a birni sai ya ajiye salla, wai duk abin da ya yi imani da shi a dā ruɗin ƙwaƙwalwa ne, yanzu ya warke. Baffanninmu kuma sun ce shi ne ya zautu, a kai shi gidan mari. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya shirye shi, Ya ba ku haƙuri. Shi da baffannin naku duk sun kauce.

Imaninsa na dā ba ruɗi ba ne. Shari'a ba ta ɗora wa kowa nauyi sai mai hankali. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya warke. Yaron nan da ya riƙe izu sittin, yake gyara wa wani karatu idan ya tsallake aya, yake zuwa gona ya dawo ya ba da salla, da hankalinsa ya yi. Likitocin ƙwaƙwalwa ma, waɗanda yake ganin suna bayansa, ba sa lissafa aƙidar da jama'ar mutum suka haɗu a kanta cikin cuta. Abin da suke kira ruɗi shi ne irin na wanda ya kafe cewa rediyo da shi take magana, ko shi ne Mahadi. Sauya ra'ayi ba ya mayar da shekarun baya jinya. Zargin ma tsoho ne: Ƙuraishawa sun jefi Annabi (SAW) da hauka, Allah Ya wanke shi a aya ta 2 ta Suratul Ƙalam.

Sai baffanni. Barin salla da furta irin wannan magana babban al'amari ne, ba na rage masa nauyi, amma shubuha daban, taɓin hankali daban. Bai halatta ku ɗaure shi ko ku doke shi ba. Mun ga abin da aka bankaɗo a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019. Sarƙa ba ta taɓa shigar da imani zuciya ba. Kada kuma ku yayata shi a majalisa ko bakin kasuwa har ɓata-gari su ɗauki doka a hannu. Hukunci ba naku ba ne.

Ka duba shi da kyau. In ba ya barci, yana jin muryoyi, ya daina wanka, maganarsa ba ta haɗuwa, to ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau. In kuwa lafiyarsa ƙalau, tambayoyi ne suka cika masa kai, ku haɗa shi da malami mai sanyin hali wanda zai saurare shi har ƙarshe kafin ya ba da amsa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya yi kusan wata biyu cikin kokwanto kafin Allah Ya yaye masa. Kada ku raba kwano da shi, kuma ka roƙi mahaifiyarku ta riƙe bakinta, ta yi ta yi masa addu'a.

Wallahu a'alam.