Ga ƙanena da ke son zuwa Uppsala karatun maniyyi

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka kusa gamawa a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maradi, kana son zuwa nan Suwidin ka yi bincike kan furostasom, ko Allah zai sa ka samo wa maza maganin rashin haihuwa.

Wurin dai ka zaɓa daidai. A nan Uppsala ne Gunnar Ronquist da abokan aikinsa suka fara bayyana furostasom a ƙarshen shekarun 1970. 'Yan mitsi-mitsin jakunkuna ne da furostat, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ke zubawa cikin ruwan maniyyi, girmansu kamar nanomita 40 zuwa 500 (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), fatarsu cike da kolestarol, wani nau'in kitse. Su ne guzurin ƙwayar maniyyi. Suna manne mata, su ba ta kolestarol don kada ta nuna tun ba ta kai kusa da ƙwan mace ba, su ba ta kayan sarrafa kalsiyam da wutsiyarta ke buƙata wajen iyo. Suna kuma ɗauke da furotin irin su CD59 da ke kare ta daga garkuwar jikin mace, wadda ke ɗaukarta baƙuwa.

To amma batun magani, sassauta buri. Har yau abin yana ɗakin bincike. Likita ba ya rubuta wa magidanci awon furostasom. Ware su kaɗai sai da injin da ke juya ruwan da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 100,000, ga tsada.

Da ni ne kai, sai in fara ƙwarewa a awon maniyyi tun a gida: ƙirga, motsi, siffa, bisa littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021. Ka san halinmu a Maradi, in shekara uku ta wuce shiru, matar ake ɗora wa laifi, a yi ta jiƙo da rubutu, daga nan sai maganar kishiya, alhali kusan rabin matsalar akwai hannun namiji. Wanda ya zo da wannan ƙwarewa, malaman nan sun fi saurarensa.

Sai harshe. Faransancinka ba zai yi maka aiki ba, da Turanci ake digiri na biyu, kuma tun 2011 wanda ba ɗan Turai ba biyan kuɗin makaranta yake. Kada Baba ya sayar da gona. Nemi tallafi tukuna, ka turo mini takardun sakamakonka in duba.

Ka gaida Inna.