Ambaliya ta ci shagona a Kusseri: in zuba sauran jarina a gyaran ginin?

Tambayar wannan makon daga Kusseri ta zo, garin arewacin Kamaru da ke tsallaken kogi da Njamena ta Chadi, daga wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi. Ga abin da ya rubuto, na taƙaita:

"Malam, ruwa ya shiga shagona ya yi kwana goma sha ɗaya, ya kai gwiwa. Shinkafa da fulawa da sukarin da ke ƙasa duk sun lalace. Daɓen ya farfashe, yaɓen ƙasa ya zube, bangon baya ya tsage. Shagon haya ne, sefa 40,000 nake biya a wata. Mai shagon ya ce in gyara da kuɗina, a riƙa cirewa a haya. Birkila ya yi mini lissafin sefa 1,200,000. Abin da ya rage a hannuna 1,800,000 ne, kuma uban ɗakina na Marwa yana bi na 900,000. A kowace dubu ɗari ina samun ribar kamar dubu bakwai, kayan kuma sukan juya sau ɗaya a wata. In gyara ne, ko in nemi wani wuri?"

Alhaji, sannu da wannan jarrabawa. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba.

Amsata a gajarce ita ce kada ka ba birkila miliyan ɗaya da dubu ɗari biyun nan. Ba don gyaran ba ya da amfani ba, sai don kuɗin da ke hannunka ba kuɗin gini ba ne, jari ne, kuma rabinsa ma na mutumin Marwa ne.

Mu yi lissafin tare da alƙalumanka. In ka kashe 1,200,000 ana cirewa dubu arba'in-arba'in, sai ka yi wata 30 kafin kuɗinka su dawo, shekara biyu da rabi ke nan. Wannan kuɗin da a kaya ka sa shi, da ribar da ka faɗa, yana kawo maka 84,000 duk wata, ya ninka hayar har da ɗoriya. To ka ga za ka saki 84,000 don ka kama 40,000. Sannan bayan gyaran saura 600,000 a hannunka, ga bashin 900,000 a wuyanka. Za ka samu shago fes, fenti na sheƙi, kanta ba kaya. Mai saye kuwa in ya zo sau biyu ya tambayi sukari ka ce ya ƙare, na uku maƙwabcinka zai nufa.

Abu na biyu, wanda na ga alamar ba ka sani ba: yawancin aikin nan ba naka ba ne. Kamaru da Chadi duk suna bin dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar da ta daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, kuma dokar da ta shafi hayar wurin sana'a, wadda aka sabunta a 2010, ta faɗa a sashe na 106 cewa manyan gyare-gyare mai gini ne ke yin su da kuɗinsa. Ta ma lissafa su: manyan bangaye, ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, rufin kansa, katanga, ramin masai. Ta ƙara da cewa ana rage kuɗin haya gwargwadon lokacin da ɗan haya ya kasa amfani da wurin saboda gyaran. In mai ginin ya ƙi, sashe na 107 ya ba ɗan haya damar neman izinin kotu ya yi aikin a kan asusun mai ginin. Naka shi ne ƙananan gyare-gyare na yau da kullum, da abin da ka kawo da kanka, irin su kanta da teburi. Tsagewar bangon baya ta mai shago ce.

Ban faɗa maka wannan don ka ja dattijo kotu ba. Mai yiwuwa shi ma ruwan ya ci gidansa, kuma shekara nawa kuna tare lafiya. Na faɗa ne don in ka zauna da shi ka san cewa alfarma kake yi masa in ka sa ko sisi a bangon, ba shi ke yi maka ba. Ka tafi da shugaban layinku na kasuwa ko wani babba da yake jin nauyinsa. Ka nemi abu uku: a yafe hayar watannin da shagon yake rufe, shi ya ɗauki bango, kai kuma duk abin da ka kashe a daɓe da yaɓe a rubuta adadinsa da yadda za a cire shi, tare da alkawarin ba zai ƙara haya ko ya tashe ka ba sai kuɗin sun gama fita. A rubuta, kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa. In ya ce ai mu 'yan uwa ne, rubutu na me, ka tuna masa cikin ladabi cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Dalilin da ya sa na nace shi ne, shagon da aka gyara kuɗin hayarsa tashi yake yi, kuma magada ba su san maganar baka ba. Ita dokar ma, ginin da take yarda a biya ɗan haya in zai fita shi ne wanda ya yi da izinin mai wurin. Ka adana rasit na kowane buhun siminti.

Kafin a taɓa komai ka ɗauki hoton shagon da wayarka, har da layin da ruwa ya bari a bango. In kana da inshora ka je yau da takardarka, amma ka duba ko ta ambaci ambaliya, don da yawa gobara kawai suka rufe.

Yanzu ga maganar ginin kansa, wadda nan ne mutane suka fi yin asara ta biyu.

Kada ka yi gaggawar yaɓe. Bulon da ya yi kwana goma sha ɗaya a ruwa ya sha ya ƙoshi, samansa kan bushe cikin mako guda amma cikinsa jiƙe yake. Na taɓa shiga wani shago a Marwa wanda mai shi ya yaɓe ya yi fenti makonni biyu da janyewar ruwa, don yana son ya riga maƙwabta buɗewa. Kafin wata uku fentin ya yi bororo, wani farin gari kamar kanwa ya feso daga ƙasan bango, kwalayen biskit da ke jingine da shi duk sun yi fumfuna. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, ya sake biyan birkila karo na biyu. Ka sa a kankare tsohon yaɓen har ya wuce layin ruwan da kamar taƙi biyu, a kwashe lakar, a wanke da ruwan bilic, a bar ƙofa a buɗe. Sa'arka ɗaya, ruwan kogunan Logon da Shari a wajenku sai damina ta wuce yake cika, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, saboda haka yana janyewa hunturu na shigowa, iskar da za ta busar maka da bango kyauta. In kana son ka gane ko ya bushe, manna leda a jikinsa da salatef ta kwana. Da safe in ka ga gumi a ƙarƙashinta, da saura.

Tsagar bangon kuma a auna ta kafin a liƙe. Ƙasar yankinku baƙar laka ce, irin wadda ake dasa masakwa a kanta. Ta sha ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke har ta dare, harsashin gini kuwa yana bin motsinta. Ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, ka rubuta kwanan wata, ka ɗan shafa siminti a kanta wuri ɗaya. Bayan mako uku in shafen ya fashe ko tsagar ta wuce layin, ginin yana motsi, kuma ba aikin yaɓe ba ne, a kira wanda ya san harsashi, kai kuma ka fara cigiyar wani shagon. In ba ta motsa ba, sai a cike.

Wuta: kada a kunna sai mai wayarin ya duba. Duk soket ɗin da ya nutse a canza shi, sababbin kuma a kafa su sama da ƙugu.

In lokacin daɓe ya yi, ka ɗaga shi, ka yi dakali a bakin ƙofa. Ruwan nan ba baƙo ba ne. A 2022 ya mamaye unguwanni a Njamena har gwamnatin Chadi ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Oktoba, ku ma a tsallaken kun ɗanɗana. A 2024 ya dawo, mutanen Yaguwa da Maga ba za su manta ba. Wanda zai gyara shago a bakin Logon ya gyara shi da niyyar ruwa zai sake shiga. Kantar ƙarfe ta fi ta katakon nan na garin itace da ke kumbura ya ruɓe. Buhuna su hau kan benci mai ƙafa, ba ƙasa ba. Sabon daɓe kuma a riƙa yayyafa masa ruwa aƙalla kwana bakwai, don hunturun da ke taimakon bango shi ke fasa ɗanyen siminti.

Shinkafa da fulawa da sukarin da suka jiƙe, na san wani zai zo ya ce ka shanya ka karyar. Kada ka yi. Ruwan ambaliya ya bi ta masai da kwata kafin ya iso shagonka. Man da ke jarka a rufe, da gwangwanin da bai lotse ba bai yi tsatsa ba, a wanke bayansu a sayar. Sabulu ya sha iska.

Ga yadda zan raba kuɗin da ni ne kai. Gyara kada ya wuce 350,000 daga aljihunka, kuma kashi-kashi: kankara da wanki da wayarin yanzu, daɓe da yaɓe in bango ya bushe, fenti sai kasuwa ta dawo. Ka hau mota ka je Marwa da kanka, kada ka tsaya a waya. Ka kai wa uban ɗakinka 300,000 da hotunan shagon, ka roƙi ya raba sauran 600,000 wata-wata, ya kuma ci gaba da sakar maka kaya. Dila ya fi jin tsoron wanda ya yi shiru a kan wanda ya zo da kashi ɗaya cikin uku da bayani. Ka ajiye 150,000 saboda cefanen gida da abin da ba a zata ba. Miliyan ɗayan da ta rage ta koma kaya masu saurin fita, shinkafa, sukari, mai, taliya, ka kafa rumfa a ƙofar shagon ka ci gaba da ciniki yayin da cikin ke bushewa. Da dare ka nemi sito a wurin da ruwa bai kai ba, ko da na haɗin gwiwa ne. Bashin banki ko na ƙananan cibiyoyin lamuni don yin gini a shagon wani kuwa, ban ba ka shawara ba, domin ribar dubu bakwai a ɗari ba ta da ƙarfin ɗaukar kuɗin ruwa da haya da bashin Marwa a lokaci guda. In akwai adashin da kake zubi, roƙi a ba ka kwasar wannan watan.

Abin da ba ka ambata ba shi ne littafin bashi. In ya jiƙe, ka buɗe shi shafi-shafi a inuwa, ka kwafe sunaye da adadi tun tawadar ba ta gama bajewa ba, ka ɗauki hoton kowane shafi. Cikin mutanen da kake bi bashi, waɗanda ruwa bai taɓa ba wannan makon ya kamata ka bi su.