Tuba ko Ridda? Kalmomin da Abota ke Tuntuɓe a Kansu

Wata 'yar'uwa Kirista ce ta aiko da tambayar farko. Ta ce: "Malam, ina da ƙawa Musulma, tun muna makaranta muke tare. Na karanta labarin wani da ya bar Musulunci ya shiga addinin Kirista, marubucin yana ta cewa mutumin ya tuba. Da na faɗi haka a gaban ƙawata sai ta ɓata rai, ta ce ba tuba ya yi ba, ridda ya yi. Wace ce ta yi daidai a Hausance? Kuma yaya zan yi mata bishara ba tare da abotarmu ta lalace ba?"

'Yar'uwa, ke da ƙawarki babu wadda ta karya Hausa. Tuba aro ce daga Larabci, tushenta kuwa komowa: mutum ya saki hanya, sannan ya juyo. Shi ya sa mai laifi yake cewa na tuba, na bi Allah na bi ka. Musulmi yana kiran wanda ya musulunta tubabbe, Kiristoci Hausawa kuma suna ce wa wanda ya shigo cikinsu sabon tuba. Ridda ma Larabci ce, tushenta juyawa da baya. Kin ga ke nan duka biyun juyawa suke nufi, bambancin yana wajen mai magana da inda yake tsaye. Duk wanda ya ce wane ya tuba, ya riga ya yanke hukunci cewa inda wanen ya baro ɓata ne. Abin da kunnen ƙawarki ya ji ke nan: addinin da aka haife ta a ciki, na uwarta da ubanta, kin kira shi ɓata, ko da ba haka kika nufa ba. Ita ma da ta ce ridda ba ƙaramar kalma ta ɗauko ba. A littattafan fiƙihu ridda babban al'amari ne mai tsananin hukunci, yana taɓa aure, yana taɓa gado, kuma wanda aka jefa da kalmar yakan rasa dangi kafin ya rasa komai.

Abin da ya sa ake wannan karo shi ne addinan biyu kalmomi ɗaya suke amfani da su a Hausa. Lokacin da ɗan mishan James Schön ya fara fassara sassan Littafi Mai Tsarki a ƙarni na 19, da lokacin da ɗan mishan Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka kai ga cikakkiyar fassarar 1932, Hausar da suka tarar ta riga ta jiƙu da Larabcin Musulunci na ɗaruruwan shekaru. Allah, annabi, mala'ika, zunubi, addu'a, tuba, duk a bakin malamai da almajirai suka same su, suka ɗauka. Kalma ɗaya, amma kowane ɓangare da abin da ya ɗora mata.

Shawarata, a cikin majami'a ki faɗi tuba yadda kuka saba, ba wanda zai hana ki. A gaban ƙawarki kuwa Hausa ta ba ki kalmomin da ba su ɗauke da hukunci: ya sauya addini, ya koma Kirista, ya shiga Musulunci. Sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ma da irin wannan lafazi ya yi magana, 'yancin mutum ya sauya addininsa.

Sai batun karatun naki. Irin waɗannan labarai Kiristoci suna kiransu shaida, tushe ɗaya da shahada da Musulmi ke furtawa. Mai shaida abin da ya gani yake faɗa, daga inda ya tsaya. Ki karanta da girmamawa, don mutum ne yake buɗe cikinsa, sau da yawa bayan ya sha wuya. Amma kada ki ɗauki labarin wanda ya fita a matsayin bayanin addinin da ya fita daga ciki. Mahaifiyar da ya bari tana kuka ba ta da shafi a littafin. In kina son sanin abin da ƙawarki ta yi imani da shi, ita za ki tambaya, ki kuma saurara har ta dasa aya. Haka zan gaya wa Musulmin da ke karanta labarin Kiristan da ya musulunta.

Bishara kuwa 'yar gida ɗaya ce da albishir, da sunayen Bashir da Bushira: labari mai daɗi. Linjila ma, in aka bi ta ta Larabci har zuwa Girkanci, ma'anarta ke nan. Ki lura da yadda Bahaushe ke yin albishir. Yakan ce albishirinka, ya yi shiru, sai an ce masa goro sannan ya buɗe baki. Ba a ɗura wa mutum albishir. Littafinku ma, a wasiƙar Bitrus ta fari 3:15, ya ce ku zauna da shirin amsa wa mai tambaya, cikin tawali'u da ladabi. Littafin ƙawarki, a Suratul Baƙara aya ta 256, ya ce babu tilas a addini, a Suratun Nahli aya ta 125 kuma ya ce a yi kira da hikima da kyakkyawan wa'azi. Ita ma tana da abin da take fata ki karɓa, ko ba ta faɗa ba.

Abin da na fi damuwa da shi a tambayarki shi ne kalmar abota. Hausa ta raba aboki da amini. Aboki ana yinsa da tafiya, da aiki, da wasa. Amini kuwa daga amana yake, wanda za ka juya wa baya hankalinka kwance. In mutum ya ƙulla abota don kawai ya ja wani zuwa addininsa, ya ɓoye nufinsa, ya ci amana, ko wane addini yake yi. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa: ki bar ta ta san ke wace ce da abin da kike fata mata, a fili. Sannan ki tambayi kanki, in ta ce a'a yau, ta ce a'a bayan shekara ashirin, za ki je duba ta ranar da take kwance? In amsar e ce, ke aminiyarta ce.

Wani ɗan'uwa Musulmi kuma ya rubuto cewa kawunsa ya gan shi da littafin da abokinsa Kirista ya ba shi, sai ya ce masa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yana son ma'anar.

Ɗan'uwa, mai dakon kanwa a ka yake ɗaukarta, garinta ya yi masa fari fat, wanda ya raɓe shi ma sai ya shafa. Ma'ana, hali ana ɗaukarsa ta zama tare. Gargaɗi kawu ya yi maka, kuma tsoro da ƙauna ne suka sa shi, don haka kada ka mayar masa da gatse. Sai dai karin maganar ba ta ce shafar ta gefe ɗaya take bi ba, abokinka ma yana ɗaukar naka. Suratul Ma'ida aya ta 82 ta ambaci waɗanda suka ce su Nasara ne a matsayin mafi kusa da muminai a soyayya. In littafin ya tayar maka da tambaya, kai ta wajen malamin da ka yarda da iliminsa, ka kuma gaya wa abokinka gaskiyar abin da ka karɓa da wanda ba ka karɓa ba.

Tunda Nasara ta shigo, wani ma ya tambaya ko ɗaya take da nasarar cin yaƙi. A'a, rubutu ne kawai ya haɗa su. Ta Kiristoci ana jan gaɓar tsakiya, wato "sa", kuma akasarin masana suna danganta ta da Nazarat, garin da Annabi Isa ya tashi. A zamanin mulkin mallaka ta koma nufin Turawa gaba ɗaya, shi ya sa Bahaushe Kirista bai cika jin ta a matsayin sunansa ba. Ya fi kiran kansa Kirista ko mai bin Almasihu, akwai kuma masu cewa Masihiyawa. Almasihu da Kristi ma'anarsu ɗaya, shafaffe da mai, ta farko ta biyo ta Larabci daga Ibrananci, ta biyu daga Girkanci. Arne kuwa asalinsa mai bin addinin gargajiya ake nufi, kiran Kirista da shi kuskure ne a harshe, zagi ne kuma a kunnen wanda aka kira.