Amsa kan sayen takobin Turawa mai hannu biyu

Ɗan uwa ka ce kana so ka sayi dogon takobin nan na Turawa da ake riƙewa da hannu biyu, kuma ka gwada sara da shi. To fara duba ƙarfen, in ka ga an ce irin wanda baya tsatsa ne ka bar musu kayansu, na ado ne, sara ɗaya zai iya ɓallewa ya samu wani. Nemi ƙarfe mai lamba 1060 ko 5160, shi 5160 ɗin ma irin na sifirin mota ne. Kuma ƙarfen ya ratsa ƙota har ƙarshe, ba ɗan siririn rodi da aka yi wa walda ba. Takubban kamfanin Windlass na Indiya akwai sauƙin kuɗi, na kamfanin Albion na Amurka kam sai mai hali.

Wajen gwada sara, ni robar ruwa nake cikawa in ɗora kan dungu a bayan gidanmu a Samaru, wallahi ranar farko bakin takobin bai daidaita ba robar kawai ta yi sama ta jiƙa ni sharkaf, ƙannena na ta dariya. Kar ka sari itace, yara su matsa nesa, in ka gama ka goge ka shafa mai don daminar Zariya ba ta raga wa ƙarfe. Kafin oda kuma ka tambayi kwastan.