Ɗakin kashin shanu na Masai: yaya yake jure ruwan sama?

Tambaya: Aiki ya kai ni Narok a ƙasar Kenya, aka zaga da mu wani ƙauyen Masai, wata ƙabilar makiyaya. Ɗakunan gajeru ne, duhu da hayaƙi a ciki, kuma aka ce da kashin shanu ake yaɓe su. Yaya ake gina su, kuma ba sa narkewa da damina? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ɗakin da ka shiga sunansa enkaji, kuma mata ne ke gina shi, kamar yadda matan Fulani ke kafa bukka a ruga. Aikin maza shi ne shingen ƙaya da ke kewaye gidan gaba ɗaya, inda shanu ke kwana a tsakiya saboda kura da zaki.

Mace takan fara da haƙa ramuka ta kafa sanduna. An fi son wani itacen yankin da ake kira leleshwa, domin gara ba ta cika cin sa ba. Sai ta saƙa ƙirare a tsakaninsu, ta lanƙwasa na sama su haɗu su zama rufi, ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Daga nan sai yaɓe: ɗanyen kashin shanu a cuɗa da laka da toka, a shafa da hannu ciki da waje. Ɗaki yakan kai kamar mita 3 a faɗi, 5 a tsawo, tsayinsa kuwa wajen mita ɗaya da rabi, shi ya sa ka sunkuya. Kashin in ya bushe ba ya wari, kuma zaren ciyawar da ke cikinsa shi ke riƙe lakar.

Matsalar tana rufi. Kusan shimfiɗe yake, ruwa ba ya saurin gangarowa. Rana ta tsattsaga yaɓen da rani, ruwan farko ya bi tsagar ya shiga. Don haka kafin damina matar gida kan hau sama ta ƙara sabon yaɓe, wani lokaci ma ana tsaka da ruwan. Wadda ta yi sakaci, ƙirarenta su ruɓe, rufin ya lotsa. Yau wasu na shimfiɗa leda a kai, masu hali kuma sun koma kwano.

Duhun kuwa da gangan ne. 'Yan ƙananan kafofi ne a bango maimakon taga, ƙofar ma a karkace take, don ɗumi ya zauna, domin dare na da sanyi a tuddan yankin. Murhu na tsakiya, gadaje biyu na sanduna da fatar shanu, ga ɗan lungun maruƙa da 'yan awaki kusa da ƙofa. Hayaƙin na korar sauro da ƙwari, amma a ganinmu shi ne babban aibin ginin: yana jawo tari da ciwon ido ga mata da yara, waɗanda suka fi daɗewa a bakin murhu. Inda aka sa murhu mai bututun fitar da hayaƙi, abin ya yi sauƙi ba tare da an rushe ɗakin ba.